Gandun da Kakana Bai Noma Ba

Tun da na dawo daga gabas ba a bar ni na yi faci cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya turo keke ko babur sai ya zauna a kan benci ya ce, to Baba Sale, yaya ka baro ƙasar kakanni? Na ba mutum goma labari, na ji ya dawo mini ta bakin na sha ɗaya ya yi ƙafafu, har da wai kada ya biyo ni a kogi. Babu kada. Da ma kadan ne, da na fi samun abin faɗa. Shi ya sa na sayi littafi mai layi, na ce bari in ajiye abin yadda ya faru, da ɗan rubutun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da sholisho.

Zulai ce ta tashe ni tafiya, autata. A 'ya'yana bakwai ita kaɗai ta gama sakandare, ita kaɗai kuma ta taɓa shigowa gida da takarda aka yi guɗa. An ba ta gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma ta jiha. Takardar ta ce ta je ranar Juma'a kafin a tashi daga aiki, da takardunta duka, har da shaidar cewa ita 'yar asalin jihar nan ce. Wannan shaidar ƙaramar hukuma ke bayarwa, amma sai mai gari ya sa hannu, dagaci ya sa, hakimi ya sa. Na ce wannan ai aikin hantsi ne. Shekara arba'in ke nan ina zaune a ƙauyenmu na bayan Kangire, a nan na yi aure, a nan aka binne cibiyar Zulai, kuma ni da mai garinmu akushi ɗaya muke ci ran sallah.

Mai gari ya sa tabarau ya bi fom ɗin a hankali, ya kai inda aka ce garin uba da garin kaka, ya cire tabarau. Ya ce bana an ja musu kunne, duk wanda ya sa wa baƙo hannu rawaninsa ne zai amsa. Na waiga in ga baƙon, ban ga kowa ba sai ni.

"Sale," in ji shi, "da ka iya shiru, da tuni na rubuta nan garin na huta. To wa ya rage a ƙasar nan da ba ka ba shi labarin Tanko ba? Malamin hakimi ma ya iya shi da ka."

Tanko kakana ne, uban babana, kuma labarinsa shi ne kaɗai gadon da aka bar mini. A zamaninsu ba takarda ke nuna na wane ne kai ba. Idan damina ta zauna, sarkin gari zai sa a buga ganga, kowane magidanci ya saɓa fartanya ya je gandun sarki ya yi noman yini guda. Da kaka kuma ya ɗauki dami ɗaya a ka ya kai fada. Wanda ya noma gandunka naka ne. In an sace masa jaki kai za ka bi sawu, in an ci masa iyakar gona kai za ka tsaya. Tanko yana zaune a Kafin Baushe, can gaba da Basirka, inda ƙasar sarakuna biyu ta haɗu, kogi a tsakani. Sai ya kafa bukka a wannan gaɓa, ya kafa wata a waccan. In gangar yamma ta tashi, ya naɗe wando ya haye gabas, ya ce shi mutumin sarkin gabas ne. In ta gabas ta tashi, ya hayo. Har ya koma ga Allah fartanyarsa ba ta taɓa gandun kowa ba. A gidanmu ba a suna ko biki ba a ba da wannan labari ba. Ni kuwa na ƙara masa gishiri da yaji, ina kwaikwayon yadda yake naɗe wando yana waige, mutane suna faɗowa daga benci. Shekara arba'in ina shan shayi kyauta da shi.

Mai gari ya ce mafita ɗaya ce, in je can in samo hannun dagacin da Kafin Baushe ke ƙarƙashinsa. In a ƙasar Gwaram yake, ai Jigawa ce, magana ta ƙare. Ina goye babana ya baro can, a wasu garuruwa na girma kafin na zauna nan, ban taɓa komawa ba. Ranar Litinin da sassafe na sa babbar rigata ta sallah, na sa fom ɗin a leda, na cusa ledar a aljihun 'yar ciki. Zulai ta raka ni bakin titi tana nanata mini inda za a sa hannu da inda za a buga hatimi, ina cewa na ji, tana sake farawa.

A tashar Birnin Kudu na samu bas mai zuwa Gwaram, ta mutum goma, aka zuba mu sha huɗu ban da kaji. Rabona ya faɗa kusa da wata Inna mai kwandon daddawa, wadda ta dubi cinyarta ta dubi tawa, ta yanke hukunci tawa ta fi faɗi. Haka na riƙe mata kwandon har Sara. Mutuniyar kirki ce, ta ba ni goro, ta ba ni tarihin ciwon gwiwarta tun daga ranar da ya soma. Amma daga ranar har na dawo gida, duk fadar da zan shiga ƙudaje ke riga ni yin sallama.

A Sara taya ta sace. Na sauka in ga yadda 'yan'uwana masu faci suke yi a can, na ga abin mamaki. Wanda muka tsaya wajensa ba shi da kwatarniyar ruwa ta neman huji. Sai ya hura tiyub ya kara kumatu yana juyawa, inda ya ji iska ya tofa yawu ya ga ko za ta yi kumfa. Na ce masa mu a wajenmu wannan ƙazanta ce. Ya tambaye ni ni mutumin ina ne. Na buɗe baki zan amsa, na tuna abin da na fito nema ke nan, na ce ya ci gaba da aikinsa.

Mun shiga Gwaram bayan azahar. A gindin wata dalbejiya na samu mai rubuta wa mutane takardun koke, da teburinsa da jerin sunayen ƙauyuka a manne. Ya bi da yatsa daga sama har ƙasa sau biyu, ya ce babu Kafin Baushe. Ya tambaya ko dai Kafin wani abu ne na manta, don Kafi suna da yawa, in zaɓi ɗaya a ciki. Wani tsoho mai goro da ke gefe shi ya ce ya san sunan. Garin ya zama kufai tun yana saurayi, mutanen sun watse, waɗanda suka yo yamma suna wani ƙauye Tudun Gamji. In je Basirka in nemi mai babur.

A Basirka na kwana, a zauren mai babur ɗin da na samu, Malam Iro, dattijo mai furfura a gemu. Ya yi shekaru yana jan tirela daga Kano, da idonsa ya rage ƙarfi ya dawo gida ya sayi babur. Ban ji daɗin zancen idon ba, tunda shi zai ɗauke ni. Al'adar gidansa ta burge ni, ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi sai ya wanke hannu daga akushi. Mu a wajenmu kafin ka cire takalmi an san har sunan surukarka. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, amma an zuba busasshen kifi har sai ka tona kafin ka ga kukar. Ban saba ba, ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Matarsa ta aiko daga ciki in haɗiye loma guda kada in tauna, na haɗiye uku kafin ta wuce, Malam Iro yana dukan bayana kamar yana kaɗe tabarma.

Da gari ya waye muka kama hanyar Tudun Gamji. Damina ta yi nisa, hanyar duk laka. Sau biyu muka sauka muka tura, sau ɗaya muka sauka ba mu yi niyya ba. Malam Iro ya ce ramin ne ya matso, jiya ba a nan yake ba. Hantsi ya yi sosai muka isa.

Dagacin Tudun Gamji bai wuce hamsin ba, tsohon malamin firamare ne, mai sanyin magana. Zaurensa cike da dattawa a kan tabarmi. Na faɗi na yi gaisuwa, aka kawo fura, na faɗi abin da ke tafe da ni, na miƙa fom. Ya tambayi dattawa ko sun san wani Tanko na Kafin Baushe. Wani ya ce ƙwarai, akwai Tanko maƙeri, yana cikin na farko da suka taso yamma, shi ke wasa fartanyoyin gandu, kuma an ce zuriyarsa ta yi wajen Birnin Kudu. Dagaci ya gyaɗa kai, ya shimfiɗa fom a kan gwiwa, ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin. Na ga bakin biron da idona. Abin da ya rage mini a duniya shi ne in yi shiru na ɗan lokacin da mutum ke rubuta sunansa.

Sai wani tsoho mai haƙori ɗaya a can lungu ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba dai Tanko mai bukka biyu ba?"

Zauren ya motsa. Wani ya ce ya sha jin sunan amma bai taɓa samun wanda ya san labarin daga tushe ba. Wani ya ce ai ƙarya ce, ba a taɓa yin mutum haka ba. Ku da kuka san ni kun san sauran. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tattare babbar riga, na naɗe wando har gwiwa, na kasa kunne ina jin gangar yamma, na tsallake tabarma na koma gabas, na zauna ina hamma kamar wanda aka haifa a can. Na yi muryar ɗan aiken sarki, na yi muryar matar Tanko tana rantsuwa tun jiya ba ta gan shi ba. Wallahi a shekara arba'in ban taɓa yin sa da kyau kamar ran nan ba. Mutane suka taru a ƙofa. Dagaci ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani.

Da ya gama sharewa, sai ya mayar da murfin biro.

Ya yi mini bayani ba tare da fushi ba. Kufan Kafin Baushe da fadamar da ke kewaye da shi suna cikin rigima tsakaninsu da mutanen hayin kogi, waɗanda yanzu ƙasar Bauchi ce. An yi sulhu, an gargaɗe su kada wani mai rawani ya sa hannu a kan mutumin kufai da ba a tabbatar da ɓangaren da ya bi ba, sai da yardar ɗaya ɓangaren.

"Da maƙerin ne, Baba, da yanzu kana hanya, don kowa ya san gandun da ya noma. Naka kuwa, a gaban jama'ar nan ka ce duk ran da muka buga ganga cewa yake shi ba namu ba ne."

Ya ce in haye in samu mai garin can, wanda a wajensu Jauro ake cewa, ya rubuto layi biyu cewa Tanko ba nasu ba ne. In na kawo, zai sa hannu ko a tsaye. Da muka fito muka kai gindin babur, Malam Iro ya juyo gare ni. Ya ce shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa ganin wanda ya kawo mota gida lafiya sannan ya fito ya tura ta rami ba.

Tsohon mai haƙori ɗaya, Malam Buba, ya biyo mu yana jan sanda. Abin ya dame shi, ya ce shi ya tono, don haka a gidansa za mu sauka. Babansa ɗan aiken sarki ne, yana cikin waɗanda suka sha zuwa bukkar Tanko su tarar da toka da zafi ba mai gida. Bayan la'asar ya zaunar da ni a tsakar gida, ya ɗauki kara ya fara zane a ƙasa.

Ya ce Kafin Baushe gari ne da ganuwarsa da sarkinsa, ƙauyuka bakwai suna kai masa dami. Irinsa da yawa ne a yankin, kowane tudu da sarkinsa, wani ƙasarsa ba ta fi a zaga ta a kan jaki kafin la'asar ba. Duk Kano suke bi, amma kowanne da ubangidansa a birni da yake aika wa gaisuwa ta hannun jakada, har ka ga gari biyu rijiya ɗaya suke sha, iyayen gidansu daban. Da hare-haren Ningi suka yi tsanani, sarkin Kafin Baushe ya ga Kano ta yi nisa, ya yi caffa ga wani sarki na hayin kogi, wato ya miƙa wuya a tsare shi. Ƙauyuka uku suka bi shi, huɗu suka ƙi. Malam Buba ya ja layi ya raba zanen. Turawa suka zo suka ce ba sa son wannan cakuɗe, kowace ƙasa ta zama dunƙule ɗaya da hakimi zaune a cikinta, suka ce kogi ne iyaka. Ya share ya ja wani layin. Shi kuwa kogi ba a yi shawara da shi ba, wata damina ya fasa ya yi sabuwar hanya, aka wayi gari Kafin Baushe da fadamarsa suna tsakanin kogi biyu, kowane ɓangare ya zaɓi kogin da ya fi ba shi ƙasa ya ce shi ne iyaka. A cikin wannan ruɗani kakana ya ci kasuwarsa. Daga baya aka yi jihohi, rigimar dagatai ta zama ta gwamnoni. Aka cire su daga Kano aka ce Jigawa, gaisuwar da ake kaiwa Kano ta koma Dutse. Aka raba gunduma biyu, aka sake raba rabin. Shi Malam Buba bai taɓa tashi daga ɗakin da aka haife shi ba, amma ya ce ya gaji da sauya garin da zai je gaida hakimi.

Kafin ya gama, tsakar gidan ta koma kamar inda kaji suka yi tono. Na ce to yanzu Kafin Baushe na wa ne?

"Ƙasar kowa yana so, don shinkafa take yi," in ji shi. "Mutanen ne ba a rigima a kansu."

Laraba da safe Malam Iro ya kai ni har inda babur ke iya zuwa, ya ce zai jira ni a wannan gefen, shi da babur ɗinsa duka ba sa ruwa. Kogin farko ya kusa cikewa da yashi, ruwa iya gwiwa. Na naɗe wando na shiga, ina tsakiya na lura da abin da nake yi, na ji kunya ba kowa a wurin. Da na fito laka ta riƙe takalmina na hagu, na tona har hannu ya gaji ban same shi ba. Haka na shiga garin kakannina da takalmi ɗaya. Garin ba komai sai kukoki huɗu da wasu 'yan tudu, sauran duk shinkafa. Na tambayi wani manomi ina ganuwa, ya ce a kanta nake tsaye. Na tambaye shi shi ɗan wane ɓangare ne, ya dube ni ya dubi ƙafata, ya koma cirar ciyawarsa.

Kogi na biyu sai da kwale-kwale. Wai nan ce iyakar jiha biyu, ba shinge, ba allo, ba mai tambayarka daga ina, sai mai jirgi da sandarsa ta gora. Na tambaye shi wane sarki yake bi, ya ce shi ruwa yake bi.

Mutanen hayi Hausa suke yi amma da Fillanci a bakinta. Gaisuwarsu doguwa ce, a hankali, ido a ƙasa, har lafiyar shanu aka tambaye ni, ni da ko akuya ba ni da ita. Aka sauke ni a wata bukka mai tsabta, aka kawo dambu da kindirmo, mai masaukin ya ajiye ya fice. Na jira shi har dambun ya huce, sai daga baya na gane a can kunya ce a zauna a ga baƙo yana ci. Mu a wajenmu mai gida ke fara sa hannu, don ya ga inda naman ya faɗa.

Jauro tsoho ne siriri, da carbi a hannu, ba ya katse mutum. Wannan karon ban miƙe ba, ban naɗe komai ba, na faɗi labarin a bushe kamar ina karanta sanarwar rasuwa. Ya ce sun san shi. A wajensu cewa ake wani Bakano ne da yake ɓuya a cikinsu duk ran gandu. Na ce alhamdu lillahi, wannan maganar nake so a takarda, ko ƙari ba na so. Ya ja carbi.

"Baba, gonar Tanko tana tsakiyar fadamar nan. In na rubuta shi ba namu ba ne, gobe takardar tana gaban alƙali cewa kufai ba namu ba ne, ga gidajen da ke ci a wurin. In na rubuta namu ne, na yi ƙarya, kuma ba shaidar Bauchi 'yarka take nema ba."

Na ce ba wanda zai ga takardar sai dagaci. Ya ce takarda ba ta mutuwa, mai ita ke mutuwa. Na gaya masa ko wace ce Zulai. Na ce a ƙauyenmu mace in naƙuda ta yi gardama a bayan babur ake kai ta Birnin Kudu, kuma yayarta a hanya ta rasu da cikin fari, tun ranar yarinyar ta sa wannan aiki a ranta. Ban taɓa faɗin wannan a gaban baƙi ba. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa komai ba sai taya. Jauro ya sa aka ɗaga ni, ya tambayi sunanta, ya yi mata addu'a mai tsawo, jama'a suka shafa. Ya sa aka kawo mini takalmi na roba, sun yi mini yawa kaɗan. Takarda dai babu. A can na kwana, don ruwa ya sauko mai jirgi ya ɗaure.

Alhamis da hantsi na koma Tudun Gamji. Dagaci ya ga hannuna ya gane. Na ce ranka ya daɗe, a mayar da ni jikan maƙerin mana, Tanko ai Tanko ne. Ya ce tun jiya labarin wasana ya kai Basirka, har an fara kwaikwayona a tasha. Na tambaya yaushe za a raba gardamar fadamar, ya ce ana jiran masu awon iyaka, tun mahaifinsa na kan sarauta ake jiran su.

Sai na faɗi abin da na kwana ina juyawa a raina. Na ce tunda noman yini guda ne ya raba mu da garin nan, a ba ni aron fartanya a nuna mini gandu. Zan yi yinin Tanko, in yi na babana, in yi nawa, in kuma dami ake so da kaka zan kawo a ka tun daga Kangire. Ba wasa nake ba, kuma wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Wane gandu, Baba?" in ji dagaci. "Rabi an gina firamare, rabi magada sun raba. Ni kaina 'yan ƙodago nake ɗauka."

Ya raka ni har ƙofa, abin da na ji ba ya yi wa kowa. Malam Iro ya mayar da ni Basirka ba mu faɗi ko sau ɗaya ba. A bas ɗin dawowa na samu gefen taga, ba wanda ya ɗora mini komai.

Ana kiran magariba na shiga gida. Zulai tana bakin murhu. Ta dubi takalman da ba nawa ba, ta dubi fuskata, ta karɓi ledar, ta buɗe fom ɗin ta ga yadda ta ba ni haka na dawo da shi. Da na so, da na ce dagaci ne mugu, ko kogi ne ya hana. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, har cire murfin biro, har naɗe wando. Uwarta ta tashi ta shige ɗaki. Ita kuwa ta saurara har ƙarshe tana ninke takardar.

"Sun yi dariya?" ta ce.

Na ce sun yi.

"To ai ba ka yi asarar tafiya ba, Baba."

Ta zuba mini tuwo, ta kawo ruwan wanke hannu. Juma'a da asuba ta yi wanka ta sa hijabinta mai kyau, ta ce za ta je haka nan, ko Allah zai sa a tausaya. Na ce in raka ta, ta ce a'a, in buɗe wajen faci. Na buɗe, amma ban san tayar wa na liƙe ba ran nan, idona yana kan titi. Bayan la'asar na ga ta sauko daga bas, takardun a rungume a ƙirji. Ta tsallako ta tsaya a gaban bencina, ta gaida mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo gare ni.

"Sun ce in dawo baɗi, in mun samo gari."

Ta wuce gida. Na bi ta da ido har ta sha kwana, tiyub ɗin wani a hannuna cikin kwatarniya yana ta fitar da kumfa, mai shi yana nuna mini hujin da yatsa.